Kwali Bakwai a Sito

Yaya, tunda ka ce kayan aikin nan da ka sayo ba mai taɓa su sai ranar da babbar buƙata ta taso, to ɗan zauna ka ji wannan.

Wani shugaban makarantar sakandare ne, a wani gari da ba sai na kama suna ba. Mutum ne mai tattali, irin wanda ko alli ne ya karye sai ya tsince guntun ya jefa a aljihu. Wata shekara aka kawo wa makarantarsa kayan gwajin fiziks, kwali bakwai, sabbi fil a leda. Batura ne, wayoyi ja da baƙi ne, madubai ne, har da wasu mitoci masu allura da ke nuna ƙarfin wutar lantarki. Ya buɗe kwali ɗaya ya leƙa, ƙamshin sabunta ya buge shi, ya mayar ya rufe. Ya sa aka jera su a sito, ya danna kwaɗo, mukullin kuwa a mazagin wandonsa yake kwana. Malamin fiziks ya zo roƙo ya fi a ƙirga, amsar dai ɗaya ce kullum: yaran nan ɓarna gare su, yau su fasa, gobe su yi awon gaba da wani abu, ranar jarrabawa a zo ana zare ido. Manyan baƙi kaɗai ake buɗe wa, su leƙa, su ce masha Allah, a mayar a kulle.

To malam ya zai yi? Sai ya koma zane a allo. Batir, layi biyu, dogo da gajere. Mita, da'ira da harafi a ciki. Rezista, wato abin da ke rage wa wuta gudu, layi ne mai hawa da sauka kamar haƙoran zarto. Haka aka yi aji biyar, haka aka yi aji shida. Kuma a cikin 'yan aji shidan nan akwai wata yarinya da kanta ke ja ba kaɗan ba. Ko daga barci ka tashe ta za ta zana maka haɗin wuta ba tare da ta goge ko sau ɗaya ba. Injiniya take so ta zama, jarrabawar shiga jami'a ta riga ta ci da maki mai kyau, fiziks ɗin nan kawai ake jira. In ta ci ta tafi, in ba ta ci ba gurbin ya wuce ta. Shugaba kuwa da ita yake cika baki a gari, duk majalisar da ya zauna sai ya ce bana makarantarsa za ta fitar da injiniya mace.

Ranar jarrabawar gwaji da hannu ta zo. Da sassafe shugaba ya kwance mukulli, shi da kansa ya dinga yage leda yana jerawa a tebura, yana murmushi, don ga ranar da ya yi wa tanadi. Aka shigo da yara, mai sa ido kan jarrabawar ya ce a fara. Shugaba kuma ya tsaya a bakin ƙofa, hannuwa a baya, tunda doka ba ta ba shi damar cewa uffan ba. Minti biyar, ɗaki tsit. Minti goma, ba wanda ya haɗa waya ɗaya. Wani yaro ya yi ta maza ya haɗa, ashe ya juya wayoyin, allurar mita ta koma baya, shi kuma ya zaci ya lalata kayan makaranta, sai ya tura ta ƙarƙashin tebur ya haɗe hannuwa. Murmushin shugaba ya fara gushewa, amma ya ce a ransa ai ga gwanar can, ita ba za ta ba shi kunya ba. Ya waiwaya wajenta. Tana tsaye ƙiƙam, tana ɗaga kayan ɗaya bayan ɗaya tana ajiyewa, kamar mai neman ɗan kunne a cikin tsaba. Can ta ɗaga hannu.

"Malam, ni ba a ba ni rezista ba."

Mai sa ido ya dube ta ya ce, "To mene ne wannan a hannunki?"

Ta kalli abin, ɗan akwati baƙi kamar kwalin ashana, mai kusoshi biyu a kai. Ta juya shi gaba, ta juya shi baya, ta ce, "Ai ba shi da haƙora."

Wallahi Yaya, shugaba sai da ya dafa ƙofa. Yarinyar da ta zana abin nan sau ɗari ko fi, yau ga shi a tafin hannunta ba ta san shi ba. Kuma shekara biyu tana wucewa ta gaban siton nan safe da rana, taku goma ne tsakaninta da shi. Kafin ta gane wanne ne wanne, ta lalubo inda ake ɗaura waya, lokaci ya cinye. Awo ɗaya tal ta samu ta rubuta, aka ce a ajiye biro.

Da yara suka fita shugaba ya bi tebura yana tattara kayansa. Ba abin da ya fashe, ba abin da ya ɓata, ko ƙwarzane babu. Da sakamako ya fito kuwa, a ajin nan kaf ba wanda fiziks ɗinsa ya kai abin da jami'a ke so, har da ita. Gurbin injiniya aka ba wani daga wata makaranta.

Shi ya sa Hausawa suka ce, ba a fafe gora ranar tafiya.