Hoton Inna

"Inna, don Allah ki dubo nan, sau ɗaya kawai!"

Ba ta dubo ba. Gilashin hoto biyu Kalla ya riga ya ɓata, duka gefen kallabinta suka kama. Saura ɗaya, kuma tun da yaƙin Turawa ya ɓarke ko a kasuwar Adjamé ba a samunsa. Gobe za ta hau jirgin ƙasa, ta kama hanyar Damagaram.

Shi ne ɗanta na fari. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa haɗa ido da shi ba. Da ya tsaya gefen akwatin hoton zai cire murfi, sai ta kau da kai.

Inuwa ta fara cin tsakar gidansa na unguwar Treichville. Ya mayar da kujerarta cikin haske, rana a bayansa, ya gyara ƙafafun akwatin. Ɗazu matarsa Zalihatu ya zaunar a madadin Inna ya daidaita akwatin. Yanzu babu lokaci. Ya cusa kai cikin baƙin ƙyallen bayan akwatin yana huci.

Sai ya ji Inna ƙasa-ƙasa: "Ke, wannan yana ganina?"

"A'a, Inna, ya rufe kansa ruf," in ji Zalihatu.

A jikin gilashin dubawa, kai a ƙasa yadda akwatin ke nuna kowa, ga Inna ta zuba masa ido. Tana ƙare masa kallo, tana murmushi, leɓɓanta na motsi da sunansa.

"Maigida, rana za ta faɗi fa!" in ji Zalihatu.

Gumi na tsiyayo masa, amma bai motsa ba.

"Bai daidaita ba tukuna."