Sunan da Aisatu Ba Ta Kira

Ranar da aka kai Hidaya ɗakin mijinta a Bukkuyum, Aisatu ta dawo Anka ta tarar gidan ya yi mata faɗi. Hidaya ce auta. Saminu yana ɗinki a Gusau, Sa'adatu tana aure a Gummi, Nafi'u yana karatu a Sakkwato. Duk wanda ta raina a ɗakinta ya kama gabansa.

Saura ita da Badaru, kuma a nan matsalar take.

Aisatu ba ta kiran sunansa. Tun tana 'yar shekara sha bakwai tsofaffi suka ja mata kunne: wannan suna ba na bakinki ba ne, kuma mace mai kunya ba ta zama tana zuba hira da shi a idon mutane. Ta riƙe abin gam, har unguwa ana misali da ita. In magana ta kama, yara ne 'yan aike. "Hidaya, ce wa mai babur tuwo ya sauka." "Nafi'u, ce wa wancan rigarsa ta bushe." Haka aka yi ta tafiya shekara da shekaru, ba wanda ya ga aibu.

To yanzu wa za a aika? Sai ta ajiye kwano a bakin ɗakinsa na kusa da zaure, ta yi gyaran murya, ta koma. Shi kuma ya dawo daga gonar da mahaifinsa ya bari, ya yi sallama ƙasa-ƙasa, idonsa a kan takalminsa, ya ci, ya ajiye kwanon inda ya same shi. Dama ba mai magana ba ne, a Gwashi ya tashi wajen kakarsa, cikin shanu. Wallahi kajin gidan sun fi su hira.

Wata la'asar tana tankaɗe, ya tsaya a tsakar gida ya fuskanci rumbu, kamar da rumbun yake.

"Gobe zan tahi Bagega. Abokina Faruku ya samo min gurbi a ramin zinari. Gero ya isa har kaka. Da ni da babu, duk ɗaya ne a gidan ga."

Rariya ta tsaya a hannunta. Bagega! Ai ta san Bagega. Ta san shekarar da gubar dalma ta bi gida-gida tana kwasar yara. Ta san ƙanenta Uba, da ya shiga rami da ƙafarsa aka fito da shi a buhu. Tsoro ya kama ta. Amma abin da ya fi ci mata rai maganarsa ta ƙarshe ce, don ta gane har zuciyarsa haka ya ɗauka.

Ta yafa mayafi ta nufi gidan Gwaggo Maiturare, ƙanwar mahaifinta, wadda ita ce kan gaba wajen ja mata kunne a wancan lokacin.

"Gwaggo, ki hana shi tahiya."

"Namiji ne, nema zai tahi. Mi nawa a ciki?"

"To ni zan yi mashi magana."

Tsohuwa ta ajiye carbi. "Ke? Da wane baki? Kin riƙe mutuncinki har furfura ta fito maki, sai yanzu za ki zubar? Yi shiru, ki bi shi da addu'a."

"Shirun nan mi ya ba ni, Gwaggo? Ga gida can ba kowa."

Ta tashi ta fito, ko sai an jima ba ta ce ba. A hanya sai huci take. Wai mutunci. Mutuncin da ba ya cin tuwo tare da kai, ba ya amsa maka sallama, in mutum ya mutu a rami kuma ba ya tono shi.

Washegari da hantsi Badaru ya fito da babur ƙofar gida. Ya ɗaure buhun kayansa, ya soka diga da shebur, ya rataya tocila. Layin cike yake: mata na dawowa daga famfo, dattawa na kan dakalin masallaci, Gwaggo Maiturare ma ta sa an fito mata da kujera, don ta ga ko 'yar ɗan'uwanta za ta ba da su.

Aisatu ta fito daga zaure, mayafi a kafaɗa, hannu duk gari. Ya buga babur ya tashi. Ta tako zuwa bakin hanya. Sunan nan a sujada kaɗai ta saba faɗarsa, can ma a zuci. Babur ya fara gangarawa.

"Badaru."

Duk layin aka waiwayo. Gwaggo ta saki salati. Wata yarinya ta rufe baki da gefen hijabi.

Aisatu ta juya ta dube su ɗaya bayan ɗaya. "Eh, na faɗa. Wanda bai ji ba ya matso." Ta mayar da ido kansa. "Badaru, sauko. Ba inda za ka. Ina son ka a gidan ga. Ban taɓa daina son ka ba, hana ni faɗi aka yi."

Babur ya mutu. Ya sauko, ƙato da shi, gemu ya cika haɓa, ya tako har gabanta ya tsugunna, hawaye na bin fuskarsa ba ya ko sharewa.

"Na'am, Inna," in ji shi, don tun ranar da ta haife shi, ɗanta na fari, yau ne ya fara jin sunansa a bakin uwarsa.