Zaren Takalmi a Jikin Raga

Ana ta tafi kocin tanis na yara ya karɓi lambar yabo ta hidimar al'umma. Shugaban taro ya ce shekara uku yaran nan suna buga tanis, ragarsu ba ta taɓa kwana a yage ba.

Sai da kocin ya tsaya ɗaukar hoto a jikin ragar ya dubi ɗinkin da kyau. Baƙin zare ne mai kauri, an goga masa kaki, irin na ɗinkin takalmi. Shi duk a zatonsa kwamiti ke gyarawa.

Makon jiya ya kori tsohon da ke gyaran takalma a inuwar katangar filin, wai manyan baƙi za su zo, kada ya ɓata wuri.

Ya tsallaka titi da lambar a hammata. Tsohon na zaune cikin rana.

"Baba, ashe kai ne…"

Tsohon bai ɗago ba, ƙafar kocin yake kallo.

"Ɗana, haka ka tsaya gaban manya, takalmi ya buɗe baki? Cire in kama maka kafin su tafi."