Gurbi Ɗaya

A ɗakin da aka sauke Auta akwai allon zane a jikin taga, da akwatin fenti sabo fil, ko ledarsa ba a ɓare ba. Auta kuwa ko kaza ba ta iya zanawa. Ta yi godiya, ta jira uwar masaukinta ta fita, ta tura akwatin can ƙarƙashin gado.

Ƙawarta 'Yar Tela ce mai zane. Tun aji ɗaya benci ɗaya suke zama. Da aka ce makarantarsu za ta tura ɗaliba guda ƙasar waje ta yi shekara, tare suka cike takardu. Ranar rufe karɓa zazzaɓi ya kwantar da 'Yar Tela, ta miƙa wa Auta ambulan ɗinta ta kai mata ofis. Auta ta san wadda za a ɗauka in duka biyun suka shiga. A bayan ɗakin gwaje-gwaje ta tsaya, ta yayyaga ambulan ɗin, ta tura cikin kwandon shara.

Sakamako ya yi jinkirin wata guda, sannan aka kira Auta. 'Yar Tela ce ta fara rungume ta. Ita ta ɗinka mata jakar hannu a shagon babanta, kuma ko sau ɗaya ba ta tambayi dalilin da ya sa aka tsallake ta ba.

Uwar masaukin ma'aikaciyar jinya ce, mijinta direban jirgin ƙasa, ba su taɓa haihuwa ba. Auta na kiranta Inna. Tun safiyar farko Inna ba ta zuba mata madara a shayi ba, alhali Auta ba ta gaya wa kowa madara na murɗa mata ciki ba. Karensu ma an kai shi gidan ƙanen maigida kafin ta iso. Auta ta ce a ranta, waɗannan mutane akwai lura.

Makaranta ta yi daɗi, daɗin ne kuma ke cin ta. Ta koyi iyo, ta shiga ƙungiyar muhawara, ta yi ƙawaye masu jan ta kasuwa ran Asabar. Duk abin da ta sa hannu sai ta ji kamar kayan aro ne. Ranar da aka kai ajinsu gidan adana zane-zane, ta ce kanta na ciwo, ta zauna a mota.

Saƙon 'Yar Tela kuwa ba ya yankewa. “Hajiyar ƙasar waje, yau me aka ci? Kin sa rigar sanyi ko sai na zo na sa miki?” Auta kan rubuta, “Akwai maganar da nake so mu yi,” ta zuba wa rubutun ido, ta goge, ta tura hoton titi.

Ta rame. Inna ta gwada jininta, ta canza mata abinci, ta kai ta wurin likita. Likita ya ce kewar gida ce.

Saura mako biyu ta koma, malamar ajinsu ta ce kowane baƙon ɗalibi zai tsaya gaban taro ya faɗi yadda aka yi ya zo. Auta ta dawo gida ta tarar da Inna na ninke wanki a falo. Ta zauna a ƙasa kusa da kwandon wankin, ta ɗauki safa ɗaya tana juyawa.

“Inna, ba ni ya kamata in zo gidan nan ba.”

“Na sani, 'yata,” in ji Inna, ba ta ko ɗago ba. “Ba ke aka fara turo mana ba. Ta farkon janyewa ta yi, sai aka ba wadda ke biye da ita gurbin. Ba a gaya miki ba?”

Auta ta girgiza kai.

“Yarinyar kirki. Har wasiƙa ta rubuto, ta ba mu haƙuri. Ta ce mai zuwan ta fi ta son tafiyar nan nesa ba kusa ba. Ta ce kada a ba ki madara, kuma kina tsoron kare. Na ɗauka 'yar'uwarki ce.”

Inna ta miƙe ta jawo durowar teburin karatu, ta fito da fayil ta ɗora mata a cinya. Auta ta buɗe.

Hoton 'Yar Tela ne a shafin farko, tana murmushi, a ƙasansa kuma shugabar makarantarsu ta rubuta da jan biro: an karɓi takardun nan a makare da kwana uku, domin ɗalibar ta zo ofis ta tarar na farkon da ta aiko ta hannun ƙawarta ba su iso ba.