Munduwar Ciwon Sa'ade

Malam Barau ya ɗauke wa jikarsa Sa'ade ciwonta tun damina. Haka ake yi yanzu a gidan jinyar yaran da magani ya gaza: babba ya sa munduwa, raɗaɗin ya dawo jikinsa, yaro ya samu barci.

Ranar sadakar ukun Sa'ade, Rakiya mai kula da iyalan majinyata ta durƙusa gabansa.

"Baba, kawo hannu in cire munduwar. Ka huta haka nan."

Har yau bayansa na sara da la'asar, lokacin da Sa'ade ta saba tsokanarsa: "Tsoho mijina, ciwon ya iso wajenka?"

Rakiya ta ce, "Ragowar ciwo ce kawai, Baba. Ba ita ba ce."

Ya ja hannun riga ya rufe munduwar.

"Na sani, 'yar nan. Ba zan cire ba."