Ladan Akun Sajida

Ran da matarsa Sajida ta cika kwana arba'in da rasuwa, akunta ya yayyaga wa Muntaka littafi na uku.

Ya sungumi kejin, bai zame ko'ina ba sai gidan ƙanwar Sajida, Hikima, a unguwar Mahjar.

"Halas, ya isa haka, karɓi tsiyar yayarki! Shekara tara tana ɗura masa dabino da gyaɗar fustuƙ mai tsada, ni kullum waken ful da burodin tamis. Uban me ya tsinana mata?"

"Yaya, ashe ba ka sani ba? Abin da kake maimaitawa kai kaɗai a kicin, ka kasa faɗa mata, shi yake kai mata. Ladansa take biya."

Akun ya karkata kai, ya buɗe baki da muryar Muntaka sak:

"Sajida, ki yafe mini."