Arzika Mai Toya Farar Ƙasa da Gawon Gonar Gado

Kai da kake cewa hayaki sama yake tafiya, sama kuwa ba ta cika, zauna ka ji. An yi wata mata, Kulu, wadda ta yi karatun duwatsu, da yayanta Arzika mai toya farar ƙasa. Dutsen da yake fasawa yana zubawa a matoya gindin tsohuwar teku ne, ga katantanwa nan birjik a jikinsa, hawa kan hawa kamar an jera tabarmi. Kulu ta ɗebi kowane hawa ta kai aka auna. Kabon, wato sinadarin da ke cikin gawayi da hayaki, iri biyu ne, mai nauyi da mara nauyi, kuma itatuwa sun fi shan mara nauyin. A wani siririn hawa sai ga mara nauyin ya yi yawa, daga nan zuwa sama kuma katantanwar ta ɗauke ƙaf. Ta gane an yi zamanin da kabon itatuwa da ƙasa ta adana ya tashi ya cika iska, duniya ta yi zafi, teku ta sha har ta yi tsami, halittun cikinta suka mutu. Ta dawo gida da wannan labari, sai ta tarar Arzika ya cinye itacen daji, yana wasa gatari domin gawon gonar mahaifinsu, itatuwan da suka riƙe ƙasar tun kaka da kakanni. Ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta ajiye masa dutsen a gabansa, ta ce, "Yaya, ka toya dutse ya saki abin da ya haɗiye, ka ƙona icce ya saki nasa, yanzu kuma gonar Baba? Don Allah ka bari." Ko kallon dutsen bai yi ba. Ya ce tekun da ta mutu tun ba a haifi kowa ba, shi ina ruwansa da makokinta.

Mutumin nan, kunnen ƙashi gare shi. Ya sare gawon har na bakin kwari, ya cusa a matoya, dutsen da ta kawo masa ma ya jefa ciki don ta gani. Kulu ta tsaya a bakin gona tana kallon hayaki, baƙin ciki kamar ya kashe ta, ta daina yi masa magana. Ban ce matoyarsa kaɗai za ta cika sama ba, amma ai kowane mai gatari haka yake wanke kansa. Damina ta yi jinkiri, da ta tashi zuwa sai ta zo da fushi. Ruwa bai sami saiwar da za ta tare shi ba, ya kwashe ƙasar gona da gero da matoyar duka ya zuba a kwari. Abin da ya rage farin dutse ne fal, da matattun katantanwa a jikinsa, Arzika na tsaye a kai, maƙwabta na zuwa yi masa jaje. Kulu ta zo, ta dubi inda mahaifinta ya yi noma, ta wuce shi ba ko sannu. Da ma Hausawa sun faɗa, wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.